Ɗan Faifan da Muke Tokare Ƙofa da Shi

A kangon da muke ɗaga ƙarfe, can bayan layin masu walda, akwai wasu 'yan faya-fayan ƙarfe guda biyu, kowanne kilo ɗaya da kwata, faɗinsu bai fi murfin kwanon miya ba. Tare da manyan suka zo ranar da muka yi karo-karo muka sayo gwanjon ƙarafa, kuma tun da aka sauke su daga a-daidaita-sahu ba na jin mu dai mun ɗora su a sanda sau goma. Ɗaya muna cusa shi a ƙarƙashin ƙofar langa-langa don kada iska ta riƙa buga ta, ɗayan kuma shi ke danne takardar da ake rubuta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, wato dai takardar da sunayenmu duka suke ciki. In baƙo ya tambaya me ake yi da su, sai mu yi dariya mu ce ai na yara ne. Babu yaro ko ɗaya da ke ɗaga ƙarfe a kangon nan.

Kuma fa ba rashin sani ne ke damunmu ba. Ka tare kowane ɗayanmu a teburin mai shayi ka tambaye shi yadda ake ƙara nauyi daga turmi zuwa turmi (mu turmi muke cewa, aron bakin 'yan dambe, wato ka ɗaga sau biyar ko sau takwas a jere ka ajiye ka huta), sai ya gyara zama ya yi maka karatu kamar wanda ya sauke abin tun yana yaro. Zai ce maka sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce ita kaɗai, ta mata 15, kuma da ita ake farawa babu komai a jikinta. Zai ce in nufinka yau ka yi aiki da kilo 100 sau biyar-biyar, to tsani za ka hau: sanda zalla sau goma, 40 sau biyar, 60 sau biyar, 75 sau uku, 90 sau ɗaya ko biyu, sannan ka shiga 100. Har da zana maka da yatsa a kan teburin, ya nuna maka cewa daga ƙasa takun yana da faɗi, ashirin-ashirin, yana yin sama sai ya tsuke ya koma sha biyar, ya koma goma, yawan ɗagawar ma yana raguwa. Turamen farko, in ji shi, na tashin jiki ne daga barci, jini ya zagaya, gaɓoɓi su saki, jijiyoyi su tuna hanya, amma kada a ƙone man tun ba a hau titi ba. Duk wannan zai faɗa maka, ya rufe da sannu ba ta hana zuwa, ya shanye shayinsa, ya shiga kangon, ya zura manyan faya-fayai huɗu a sanda ya kwanta a ƙarƙashinsu.

Tsaninmu na gaskiya matakala uku gare shi. Sanda zalla, ita ma in babu kowa a wurin, sai 60, sai 100. Dalilin kuwa ba ya cikin littafin kowa. Faifai mai kilo 20 shi ne a kusa da benci, shi ne mai kyan gani, shi ne in ya haɗu da ɗan'uwansa yake yin ƙarar nan da ake ji har bakin titi. Mai kilo 5 yana can lungu, sai an sunkuya, sai an ɗaga wani an janye wani, kuma abin mamaki, mu da muka baro gida takanas don mu ɗauki nauyi, mu ne ke ƙyashin takawa taku huɗu mu ɗauko kilo 5. Sannan muna mantawa, ko muna yin kamar mun manta, cewa sanda baki biyu gare ta, duk abin da ka sa a dama sai ka sa a hagu. Mai cewa “ƙara min ashirin” arba'in ya ƙara. Daga 60 zuwa 100 kuwa ƙarin kashi biyu cikin uku ne na abin da ka ajiye yanzu-yanzu, kamar a ce jiki yana hira da ƙaninsa sai kawai a turo masa surukinsa ba sallama.

Akwai wani tela a cikinmu, mutumin kirki, hannunsa a kan keke ba a magana. Ran nan ya gama 60 sau takwas, ya tashi yana girgiza kafaɗa, yaron da ke taya mu loda ya ce, “Oga, in sa maka goma-goma?”

“Goma? Ka ga na yi kama da mai jinya? Sa manyan.”

Aka sa manyan. Ya kwanta, ya yi bisimilla, ya cire sandar daga maratayinta, ta sauko ƙirjinsa da sauri kamar ta ga gida, ta zauna. Makanikin da ke tsaye a kansa ya kama ta da hannu bibbiyu, jijiyar wuyansa ta miƙe, yana ja yana ihu, “Kai kaɗai ne, mutumina! Ban taɓa ba! Da yatsa nake bi!” Ka lura dai, bai rantse ba. Mu ba ma rantsuwa a wannan gaɓar, muna da tsoron Allah. Sandar ta koma maratayi, tela ya tashi idonsa jawur ya ce da ma ya ji tana da sauƙi, makaniki ya koma gefe yana murza ƙugunsa, aka tafa, aka rubuta a zuci cewa tela yana buga 100. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma a kangonmu hannu huɗu ne ke ɗauka a ba mutum ɗaya lada.

Ido kuwa, ai shi ne babban kocinmu. Mutum zai shigo da niyyar 70, ya ga wani daga unguwar gaba ya zo ziyara, nan take 70 ta zama 90. A fito da waya a ce za a ɗauki hoto mai motsi, 90 ta zama 110, don babu mai son a gan shi a Facebook da faifan da bai kai faranti ba. Sabon shiga ma ba ya tsira: ranar farko muna yi masa nasiha, yaro bi a hankali, ƙarfe ba ya wasa, rana ta uku mu ne ke zuga shi, haba ɗan samari, wannan ai ƙanwarka ma za ta ɗaga. In ya ji ciwo kuma mu haɗu mu ce da ma mun faɗa masa.

Kada masu taka-tsantsan su yi murna, su ma nasu laifin yana nan. Akwai waɗanda tsaninsu ba ya ƙarewa: 20 sau goma sha biyar, 30 sau goma sha biyar, 40, 45, 50, kowanne sai sun yi har hannu ya fara rawa, kafin su iso nauyin da suka zo dominsa sun zama tsumma, sai su ce yau jikin babu daɗi. Jikin lafiyarsa ƙalau, a hanya aka kashe shi. Su ne irin baƙon da ya cika cikinsa da ruwa da goro kafin a kawo tuwo.

Mai raba mu gardama, ko in ce mai ƙara mata wuta, wani malamin lissafi ne na sakandare, wanda ke zuwa da ɗan littafi da biro a aljihun wando. Shi ya ba mu labarin Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka da ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu a wani asibitin soja a Shikago, ya ga cewa ɗaga nauyi ana ƙara shi kaɗan-kaɗan yana maido musu da ƙarfi da wuri. A 1948 shi da Arthur Watkins suka tsara abin a turame uku, kowanne sau goma: na farko da rabin nauyin da za ka iya ɗagawa sau goma, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da shi gaba ɗaya. Muka ce madalla, ashe turmi ukun nan namu yana da asali, muka yi shiru a kan maganar rabi da kashi uku cikin huɗu. Da ya ƙara da cewa a 1951 wani likita a Ingila, Zinovieff, ya juya tsarin, a fara da mai nauyi a riƙa ragewa yayin da gajiya ke shigowa, abin da ake kira tsarin Oxford, sai makaniki ya buga cinya ya ce to ai shi tun tuni ɗan Oxford ne bai sani ba, don kullum da babba yake farawa, in ta ƙi tashi ya rage. Malam ya ce ba haka ake nufi ba, su sai sun ɗumama jiki tukuna, kuma babban da suke farawa da shi wanda suke iya ɗagawa ne. Babu wanda ya ji wannan ƙarashen, an riga an tashi da sunan.

Ranar da ya kusa shan duka kuwa ita ce ranar da ya kawo tsarin Jim Wendler, wani Ba'amurke mai ɗaga ƙarfe. Wai ka ɗauki iyakar abin da za ka iya ɗagawa sau ɗaya, ka zubar da kashi 10 cikin 100, abin da ya rage shi ne ma'auninka. A makon farko ka yi turame uku da kashi 65, da 75, da 85 na wannan ma'aunin. Malam ya buga lissafi a gabanmu: mai iya 100, ma'auninsa 90, turmin farko 58 da rabi, na biyu 67 da rabi, na ƙarshe 76 da rabi. Aka yi tsit. Tela ya ce, “Malam, don Allah, mutumin da gari ya san yana buga 100, shi za ka sa ya kwanta a ƙarƙashin 76 a gaban jama'a? Har da wani rabi?” Malam ya ce bayan an zagayo, wajen wata guda, sai a ƙara kilo biyu da rabi a na ƙirji, biyar a na ƙafa. Nan ne kowa ya waiwaya ya kalli ƙofa, inda kilo biyu da rabin namu yake, rabinsa a ƙasa yana tare iska.

Maganar da Malam ya fi nanatawa, wadda ni ma a raina na san gaskiya ce, ita ce goma ba goma ba ce. Kilo 10 a kan 40 ƙarin kashi 25 cikin 100 ne, a kan 100 kashi 10 ne, a kan 200 kashi 5 kacal. Ga mai cira daga ƙasa, wanda baya da cinyoyi da ƙugu duk suke taya shi, goma ɗin taku ɗaya ce. Ga mai tura sanda sama da kai, wanda kafaɗa da damtse kaɗai ke wahala, goman nan katanga ce. Amma mu kuɗin goro muke yi wa jiki, ƙafa goma, ƙirji goma, kafaɗa goma, kamar masu rabon gado da ba su je makaranta ba. Wani abin kuma da ba ma son ji: a watannin farko yawancin ƙarfin da mutum ke samu ba tsoka ce ta ƙaru ba, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suka koyi aikin, shi ya sa sabon shiga ke ƙara nauyi kusan duk zuwa, ya ɗauka shi ɗan baiwa ne. Igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuma sun fi tsoka nawa wajen ƙarfafa, tsoka ta ce mu je, su ce ba mu shirya ba, gwiwar hannu ce ke biyan bashin.

Hutu tsakanin turame shi ma iri biyu muke yi, kuma duka ba daidai ba. In layi ya yi tsawo a benci, ka ajiye sanda ke nan wani na cewa “Yaya, ka gama?”, sai ka ƙara nauyi ka koma kafin numfashinka ya dawo. In kuma babu layi, sai a ɓalle da hirar ƙwallo, daga ƙwallo a shiga siyasa, daga siyasa a shiga tsadar shinkafa, minti ashirin, jiki ya huce sarai, sannan mutum ya tuna ya ce “ina muka tsaya?” ya ƙara ashirin. Alhali man gaggawar da tsoka ke ƙonawa a ɗagawa mai nauyi ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, wajen goma, kuma yana son minti uku zuwa biyar kafin ya sake taruwa. Minti uku zuwa biyar fa. Mu dai ko rabin minti ko rabin awa.

An ce masu abin suna da wata tambaya da suke yi wa kansu bayan kowane turmi: saura nawa a jikina? In ka ajiye kana jin da za ka iya ƙara uku ko huɗu, sandar kuma tana tashi da sauri, to ƙara nauyi. In saura biyu, ƙara kaɗan ko ka tsaya nan. In saura ɗaya ko babu, sandar tana tafiyar hawainiya, ƙugu ya fara tashi daga benci, to yau an kai, gobe ma rana ce. Tambaya ce mai kyau, sai dai tana bukatar mai faɗin gaskiya. Mu in ka tambayi mutum saura nawa, yana haki, yana ganin taurari da rana tsaka, zai ɗaga maka yatsu biyar. Malam yana da wani lissafin ma, na Boyd Epley, kocin da ya yi aiki a jami'ar Nebraska: ka raba yawan ɗagawa da 30, ka ƙara ɗaya, ka ninka da nauyin. Wanda ya ɗaga 80 sau biyar, iyakarsa sau ɗaya wajen 93 ce. Lissafin kango kuwa ya fi sauƙi: wanda ya ɗaga 80 sau biyar, ai 100 sau ɗaya ba komai ba ce. Tsakanin 93 da 100 ɗin nan, nan ne kafaɗun unguwarmu da yawa suka kwanta dama.

Duk wannan ma a kan ƙarafan da aka san nauyinsu ake magana. Kafin mu yi arzikin gwanjo, da siminti muka fara, kuma har yau suna nan a gefe: a kwaɓa siminti da tsakuwa a zuba a gwangwanin fenti, a soka bututun ruwa, a bari ya bushe, a yi ɗayan ɓangaren. Babu sikeli, ido ne sikeli. Wanda ya kwaɓa ya ce kowane ɓari 25 ne, tunda rabin buhu ya zuba kuma buhun siminti kilo 50 ne, bai lissafa tsakuwa ba, bai lissafa wanda ya zube ba, bai lissafa wanda ya rage don liƙe bakin rijiyar gidansu ba. Ɓarin dama ya fi na hagu, kowa ya sani, shi ya sa muke juya sandar kowane turmi don a yi adalci. A nan ƙarin nauyi ba ya da wani tsani: daga ƙaramin gwangwani sai babba, in kana son tsaka-tsaki sai a rataya bulo da igiya.

Gwanjon ma da ya zo, da nasa rikicin ya zo. Wasu faya-fayan an rubuta 20, wasu 45, kuma girmansu ɗaya. Wani ɗan'uwanmu mai sayar da kayan waya ya ƙwallafa rai a kan masu 45, ya zura biyu-biyu, ya haɗa da sanda ya ce 200 cif, ya yi wata uku yana ba da labari har a gidan surukai. Ranar da Malam ya gaya masa cewa 45 ɗin laba ce irin ta Amurka, ba kilo ba, kuma laba 45 kilo 20 ce da 'yan kai, duka-duka abin da yake ɗagawa bai wuce 102 ba, sai da ya yi mako biyu ba ya amsa sallamar Malam. Har yau dai in ya zo masu 45 yake nema. Ya ce sun fi zama a hannu.

Mukan kafa hujja da Milo, ɗan kokawar nan Bagirke na birnin Kroton a kudancin Italiya, wanda ya rayu ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, ya ci gasar Olamfik ta zamanin da har sau shida. Labarin da ake bayarwa shi ne ya riƙa saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Muna son labarin nan ƙwarai, amma ƙarshensa muke so. Kowa bijimin yake hange, babu mai son a gan shi da maraƙi. Kuma ko shi maraƙin, ai ba ya kwana ya tashi da ƙarin kilo 40, ɗan abin da yake ƙarawa a yini ko mai shi ba ya gani. Wani lokacin kuma mu kafa hujja da 'yan dakon kasuwar Dawanau, mu ce wa ya taɓa ganin ɗan dako yana ɗumama jiki kafin ya saɓi buhun masara? Mun manta shi ma ba da buhu ya fara ba, da ƙullin kayan miya ya fara yana yaro, kuma shi in ya ɗauka biyansa ake yi, mu kuwa mu ke biya.

Manyan abin, waɗanda muke kallo a waya muna kaɗa kai, su ne suka fi kowa girmama ɗan ƙaramin faifai. A 2016 Eddie Hall ya ciri kilo 500 daga ƙasa a birnin Leeds na Ingila, ya ajiye ya zube, jini na fita ta hancinsa. Shekara huɗu bayan haka, a 2020, Hafthor Bjornsson na ƙasar Aislan ya zo ya karya wannan tarihin da nawa? Da 501. Kilo ɗaya, bai ma kai ɗan faifan ƙofarmu ba. A gasar ɗaga ƙarfe ta Olamfik, tun 2005 kilo ɗaya-ɗaya ake yarda a ƙara, a da kuwa biyu da rabi ne. Kuma a gasa dama uku kawai ake ba ka, in ka nemi nauyi ya ƙi tashi ba a rage maka, ko ka maimaita shi ko ka hau sama, in ukun suka faɗi ka tashi a tutar babu. Shi ya sa masu hankalinsu ke buɗewa da abin da suka tabbata za su iya ɗagawa sau uku ko da zazzaɓi, na biyu su matsa kusa da iyakarsu, na uku su nemi tarihi. Da a ce mu aka kai, tun a damar farko za mu nemi tarihin, a dawo da mu gida a motar farko.

In kuwa batun benci ne, bai kamata ma mu riƙa ɗaga murya ba. A gasar nakasassu ta Rio a 2016, zinare shida 'yan Najeriya suka kwaso a kan bencin nan kaɗai. A ta Paris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta kwanta ta tura kilo 167 ta kafa tarihin duniya, babu makaniki a kanta yana cewa bai taɓa ba. Ranar da aka nuna mana hoton a kango, tela ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ai su sandarsu mai kyau ce.

Uzuri dai ba ma rasawa, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma mu sai mun faɗi abin da ya faɗo da shi. Sandar ta lanƙwashe. Bencin yana girgiɗi. Jiya ban yi barci ba, an ɗauke wuta. Da sanyin hunturu ƙarfen ya yi sanyi, da bazara gumi ya sa hannu santsi. Da azumi kuwa, maimakon mu rage nauyi mu lallaɓa, sai mu zo bayan tarawihi ciki cike da ƙosai da kunu mu nemi abin da muke ɗagawa kafin Sha'aban, in ya ƙi mu ce ai azumi ne, bayan Salla za a gani. Salla nawa ke nan.

Ni mai wannan surutu ba a bakin ƙofa nake tsaye ba, a tsakiyar masu laifin nake. Bara waccan na gama 80 sau biyar lafiya lau, abin da ya dace in sa 85, ko 82 da rabi in ina jin maganar Malam. Sai ga ɗan maƙwabcinmu da ya dawo hutu daga makaranta ya shigo da waya a hannu yana cewa, “Kawu, bari in ɗauke ka.” Kawun nan ne ya kashe ni. Na ce a cika ta 100. Ta sauko, ta taso kamar faɗin yatsa uku, ta tsaya tana tunani, ta koma. Makaniki ya fita sayen ruwa. Allah Ya taimake ni ba mu sa maƙalli a bakin sandar ba, na karkata ta dama faya-fayan suka zube, ɓarin hagu ya fizge ta ya yi ƙasa da ƙara kamar an yi karo a titi, har masu walda suka leƙo. Mako shida ina sa riga da hannu ɗaya. A gida na ce mota muka tura. Yaron kuwa ya ce ya goge, amma yadda ƙannensa ke gaishe ni suna sunkuyar da kai, ban yarda ba.

Watanni kaɗan bayan haka wani dattijo ya fara zuwa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, gemunsa fari fat, likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Bayan sallar asuba yake zuwa, lokacin da babu kowa sai mai shara. Da 40 ya fara tsuguno. Mun san da zuwansa ne saboda ƙofa: duk safiya sai a ji langa-langa na bugawa, bam, bam, takardar bashi kuma a same ta a ƙasa, don Baba ya kwashe 'yan faya-fayan nan biyu ya zura a sanda. Mako ɗaya ko biyu ya ƙara su, in sun zauna ya cire su ya sa masu biyu da rabi, ya sake ɗora su a kai, haka-haka. Wani makon in jiki ya ƙi, sai ya koma baya abinsa ba tare da ya zargi benci ba. Muna ce masa, “Baba, a sa maka goma mana, ka wuce nan,” sai ya ce, “Ku bar ni, 'ya'yana, ni ba inda za ni.” Kafin shekara ta zagayo Baba yana tsuguno da 80, sau biyar, turmi uku, yana tashi yana gyara hula. Mu kuwa shekara uku ke nan muna buga 100 ɗin nan, ita ma mu biyu-biyu.

An yi zama a kan maganar, ba a kan Baba ba, a kan ƙofa. Aka yanke cewa a samo rabin bulo a riƙa tokare ta, tunda dai dattijo ne ba a hana shi. Aka samo bulon. Amma ranar Talatar da ta wuce, da na idar da sallar asuba na ce bari in bi ta kangon, ba don komai ba, don in ga ko mai shara yana zuwa a kan lokaci. Baba bai iso ba tukuna. Na tura ƙofa a hankali, sai ga tela a bakin benci, 80 a kan sanda, ɗan faifai ɗaya ya riga ya shiga dama, ɗayan yana hannunsa. Muka kalli juna. Ya kalli faifan kamar yau ya fara ganinsa.

“Ƙura nake goge musu,” in ji shi.

Na ce, “Sannu da ƙoƙari. In ka gama gogewa, bar su a jiki, ni ma akwai inda zan goge.”